Gidan abincin da ya raba ni da shawarma a Bankok

Zuwana Bankok uku kenan saro kaya, kayan yara da jakunkuna nake ɗaukowa a kasuwar Pratunam, amma a zuwa biyun farko ba zan ce na ci abincin Tailan ba. Garin kwaki da yaji da kilishi nake ƙullowa daga gida, in sun ƙare sai mu hau tasi mu tafi layin Larabawa na Nana, wato Sukhumvit Soi 3, mu ci shawarma ko shinkafa da naman rago mu dawo masauki. Tsoron alade ne ya sa, kuma tsoron yana da tushe don mutanen nan suna cinsa sosai, miyar da za ka gani kamar ganye ne zalla ma sai ka tarar da romon ƙashinsa aka ɗora ta. To wannan karon Allah ya haɗa ni da wani ɗan gidan abinci a unguwar Ramkhamhaeng, kwana 9 na yi a garin sau 7 na ci a wurin, shi ya sa na ce bari in faɗi yadda na same shi, da daɗinsa da inda suka gaza, ko wani zai amfana.

Antina ce ta ce mu sauka a wannan unguwar, ita ce ta fara sa ni a harkar kuma ta fi ni sanin gari. Musulmi suna da yawa a wajen, masallatai ne jere a bakin wata magudanar ruwa da ake kira Saen Saep, kuma ta ruwan nan jirgin haya yake kai ka har Pratunam ba ruwanka da cunkoson motoci, sai dai ruwan akwai wari, ka ja ledar gefe kar ya fallatso maka. Gidan abincin yana cikin wani lungu bayan masaukinmu, shago ɗaya ne da teburan ƙarfe takwas da fanka biyu a bango. Abin da ya fara tsayar da ni alamar halal ce a ƙofa, koriya mai siffar lu'ulu'u da rubutun Larabci a ciki, wadda majalisar Musulunci ta ƙasar take bayarwa. Muna shiga matar da ke wurin ta ɗago da hijabinta ta amsa sallamarmu cikakkiya har da wabarakatuhu, wallahi nan take na ji hankalina ya kwanta. Hajiya na riƙa ce mata har na taho, ita kuma tana dariya tana ce min ba ta je ba tukuna, in yi mata addu'a.

Turancinta kaɗan ne nawa ma haka, da Google Translate da nuni da hannu muka riƙa hira. Ita 'yar Pattani ce, can kudu kusa da iyakar Malesiya, inda jihohin Pattani da Yala da Narathiwat yawancinsu Musulmi ne masu jin yaren Malay. Matar ƙaninta kuma da ke tsaye a wajen turmi 'yar Isan ce, arewa maso gabas, iyaka da Laos. Ranar farko na ce a ba ni abincin Tailan, sai Hajiya ta tambaye ni na ina? Na ce na Tailan mana. Ta ɗauko biro ta zana min ƙasar a bayan takardar lissafi ta raba ta huɗu, arewa, Isan, tsakiya, kudu, ta ce kowanne da tukunyarsa. A nan na gane ashe abin da nake yi kamar baƙo ne ya sauka Legas ya ci amala sannan ya koma yana cewa ya san tuwon masara da miyar kuka.

Bari in fara da na kudu don shi ne na garinta kuma shi ne ya fi komai kyau a gidan. Tukwane ne jere a gaba cikin gilashi, an riga an dafa tun safe, kai dai ka nuna a zuba maka kan shinkafa. Rana ta biyu na hango wani abu kore shar kamar manyan wake a cikin jatan lande, ƙamshinsa na bugo ni na tsaya cak, na ce Anti ji wannan, ta matso ta shaƙa ta ce ke wannan ai warin kalwa ne. Sunansa sataw. Hajiya ta shiga ciki ta fito min da shi ɗanye, dogon kwanso murɗaɗɗe ya fi kamu ɗaya, 'ya'yan a jere sun turo fatar, ta ɓare ɗaya da farce ta miƙo min. Da na duba a waya sai ga shi ashe bishiyar 'yar uwar ɗorawarmu ce, dangi ɗaya ne da ake kira Parkia, mu muna dafa kalwa mu rufe ta ta ruɓa ta zama daddawa, su kuma ɗanyen suke soyawa da barkono da wani dakakken ƙananan jatan lande da aka tsima da gishiri, kapi suke ce masa. Ɗanɗanon akwai ɗan ɗaci-ɗaci da garɗi kamar gyaɗa ɗanya, sannan warin nan da ke zama a baki har washegari. Turawa wai gudunsa suke yi. Ni kam da na tashi da daddawa a miya tun ina goye, sai na ji kamar na zo gidan dangi, na cinye na ce a ƙaro.

Sai khua kling, niƙaƙƙen naman sa ne da aka soya shi da dakakken kayan yaji har ya bushe ba romo ko ɗigo, ya yi rawaya saboda kurkum, an yanka ganyen wani lemun tsami sirara kamar zare an barbaɗa a kai. Ka ɗauka dambun nama ne da bai gama bushewa ba. Amma yajin fa, jama'a ku ji ni da kyau, mu da muke taƙama da attarugu da yajin tsire wannan ya wuce nan. Cokali uku na yi hawaye suka zubo, kunnena ya yi ɗumi, Hajiya ta turo min faranti cike da kokwamba da ɗanyen kabeji da wasu ganyaye ta ce haka ake ci, loma ɗaya ta nama loma ɗaya ta ganye. Duk abincin kudu da wannan farantin ganyen yake zuwa kuma kyauta ne. Abin mamaki barkonon nan da suka riƙe haka ba ma nasu ba ne asali, 'yan Fotugal ne suka kawo shi ƙasar a ƙarni na 16.

Akwai wata miya gaeng tai pla, da kayan cikin kifi da aka tsima da gishiri ake yinta, da gasasshen kifi da gauta da ɗanyen tsiron gora a ciki. Anti ta ɗanɗana ta ture. Ni na ci rabin kwano, gishirinta da ƙarfinta sun yi min yawa amma na gane me masu sonta suke so. Kar ka fara da ita dai.

Wanda zan ce kowa ya nema da safe shi ne khao yam. Shinkafa ce shuɗiya, da wani fure ake rina ta, an kewaye ta da gasasshiyar kwakwa da dakakken busasshen kifi da ɗanyen mangwaro da ganyaye wajen kala shida duk an yanka su sirara, sai a kawo ɗan ruwan budu a gefe, shi ma tsimammen kifi ne amma an dafa shi da sukari ya yi kauri. Ka zuba ka cakuɗa gaba ɗaya. Kwaɗo ne wallahi, kwaɗon shinkafa, ba mai ba nauyi, ka ci ka fita kasuwa jikinka sakayau. Hajiya ta ce budun daga Sai Buri ake aiko mata, wani gari a jiharsu da ya yi suna a kansa, kuma na ga yadda take ji da kwalbar, a ƙasan tebur take ɓoye ta.

In kana tare da yara ko wanda ba ya son rigima da abinci, akwai khao mok gai, dafa-dukar shinkafa da kaza mai rawaya kamar biriyani, da wani ɗan ruwa kore mai tsami da zaƙi. Da soyayyiyar kaza irin ta Hat Yai wadda ake zuba wa soyayyiyar albasa tuli a kai. Waɗannan biyun ba wanda zai ƙi su.

Yanzu na Isan. Wannan ɓangaren matar ƙanin ce ke riƙe da shi, kuma kallonta kawai ya isa ka zauna. Turminta na ƙasa ne dogo, taɓaryar ta katako ƙarama. Za ta riƙe ɗanyar gwanda a hannun hagu ta yi ta sara mata wuƙa tsaye-tsaye da sauri, sannan ta fere sai ga zare-zaren gwanda suna zubowa, ban ga ta kalli hannunta ko sau ɗaya ba. Sai ta jefa tafarnuwa da barkono a turmi ta daka, ta sa dogon ɗanyen wake da tumatir, ta matsa lemun tsami, ta zuba ruwan kifi da sukarinsu na gargajiya mai kama da mazarƙwaila, sannan gwandar, hannu ɗaya na daka ɗaya na juyawa da cokali. Kafin ta juye sai ta ɗebo ruwan a cokali ta miƙo maka ka ɗanɗana ka ce a ƙara tsami ko zaƙi. Wannan shi ne som tam. Kala biyu take yi, na 'yan Bankok mai gyaɗa da busasshen jatan lande mai ɗan zaƙi, da nasu na gida mai pla ra, wani tsimammen kifin ruwan daɗi mai wari ƙwarai, wani lokacin har da ƙananan kaguwa. Na ci duka biyun, na gidan ya fi zurfin ɗanɗano amma cikina ya ɗan juya a daren, don haka baƙo ya fara da mai gyaɗar.

Da shi ake kawo gasasshiyar kaza, gai yang, da shinkafar nan mai danƙo khao niao a cikin ɗan kwandon gora mai murfi. Ita wannan shinkafar ba a ruwa ake dafa ta ba, jiƙa ta ake yi ta kwana sannan a turara ta a kwando kan tukunya, kamar dai yadda muke ɗora dambu a madambaci. Kuma da hannu ake ci. Ka gutsuro ka mulmula ta zama loma ka dangwala a ruwan som tam, haba, ni da na yi kwanaki ina fama da cokali da cokali mai yatsu sai na ji kamar an kwance ni. Su a tsakiyar ƙasa cokali ne ke kai abinci baki, mai yatsun turawa kawai yake yi, tsinken cin abinci kuwa sai a taliya. Larb ɗinta na naman sa ma ya yi, niƙaƙƙen nama da na'a-na'a da albasa da lemun tsami, sirrinsa garin shinkafa ne da aka soya ba mai har ta yi ja aka daka, shi ke ba shi ƙamshi da ɗan gurus-gurus a haƙori. Ku kula a wasu wuraren ana yin larb da ɗanyen nama har da jini, kuma yawanci na alade ne, a nan dai dafaffe ne na sa ko kaza.

Wani abu da ya ba ni mamaki, shinkafarsu mai ƙamshi hom mali da ake kaiwa duniya a yankin Isan aka fi noma ta, amma su mutanen wurin mai danƙon suke ci. Kuma hom mali ɗin ba ita ce 'yar Tailan ɗin da muka sani a buhu a kasuwanninmu ba, tamu turararriya ce mai tauri da warwara, wannan kuwa laushi gare ta da ƙamshi tun tana kan wuta.

Na tsakiya su ne waɗanda kowa ya sani, ba zan daɗe a kansu ba. Tom yum goong ɗinsu ya yi kyau, romo ne mai tsami da yaji da manyan jatan lande, da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da muke sawa a shayi, da wata 'yar uwar citta da suke kira kha, da ganyen lemun tsami. Kar ka tauna itatuwan, don ƙamshi aka sa su. A watan Disambar 2024 UNESCO ta sa wannan romon cikin jerin al'adun duniya da ake karewa, Hajiya ta manna hoton labarin a bango. Ranar da mura ta kama ni saboda sanyin AC na kantuna shi na sha na ji hancina ya buɗe, farfesu ne sosai. Pad thai ɗin kuwa zaƙi ya yi masa yawa, taliyar shinkafa da tsamiya da ƙwai da gyaɗa, ba laifi amma ban sake nema ba. Shi dama ba tsohon abinci ba ne, gwamnatin Phibun ce ta yayata shi wajajen shekarun 1940. Massaman ne ya burge ni, miyar madarar kwakwa da naman sa da dankalin turawa da gyaɗa, da kirfa da kanumfari da sauran kayan ƙamshin da muke gani a abincin Larabawa da Indiya. Sunan ma daga kalmar Musulmi aka samo shi, 'yan kasuwa Musulmi ne suka kawo salon, kuma a 2011 CNN ta sa shi na ɗaya a jerin abinci 50 mafi daɗi a duniya. Naman ya dahu har cokali na yanka shi, ba yaji sosai, yana tuna min miyar gyaɗa amma mai zaƙi-zaƙi. Anti kusan kullum shi take ci.

Inda suka gaza shi ne abincin arewa. Khao soi kaɗai suke yi kuma gaskiya bai yi ba. Yadda ya kamata taliyar ƙwai ce a cikin miyar kwakwa mai kauri da cinyar kaza, a ɗora soyayyiyar taliya mai ƙaras-ƙaras a sama, a kawo albasa da lemun tsami da tsimammen ganye a gefe. Nasu ruwa-ruwa ne, taliyar saman ta yi laushi kamar tun safe aka soya, tsimammen ganyen ma ba su kawo ba sai da na tambaya. Na gwada sau biyu don kar in zalunce su, duka haka. Kuma abin ya dame ni don a abincin arewa khao soi ne kusan namu, ana danganta shi da Musulmi 'yan kasuwa daga Yunnan ta Chana, Chin Haw, da suka riƙa ratsa duwatsu da alfadarai suna zuwa Chiang Mai, shi ya sa asalinsa da kaza ko naman sa ake yi. Sauran shahararrun na arewa irin su sai ua da gaeng hang lay da nam prik ong duk alade ne, kar ma ka nuna su in ka gani a wani wuri. Na faɗa wa Hajiya ra'ayina ba ta ji haushi ba, ta ce ba su da ɗan arewa a kicin, saboda masu tambaya kawai suke yi. Ni a ganina gara su cire shi.

Sauran ƙorafina, zafi. Fanka biyu ba sa isa, da rana ga wutar girki ga yaji sai ka jiƙe sharkaf. Takardar jerin abincin da yarensu take, hotunan sun koɗe, dole sai ka tashi ka nuna. In mutane suka cika wajen ƙarfe 12 zuwa 1 za ka iya jira minti 30 kafin som tam ya zo don turmin ɗaya ne kuma kowane faranti dakansa daban. Ba sa karɓar kati, tsabar kuɗi ne ko turawa ta bankin ƙasar wanda baƙo ba shi da shi. Sannan sukari, a kusan komai sai sun sa, shayinsu mai ƙanƙara cha yen kuwa madarar gwangwani ce zalla, mai ciwon suga ya yi hattara sosai. Bayin gida ɗaya ne ƙarami amma tsaf yake kuma akwai ruwa, wurin salla babu sai dai masallaci bai fi tafiyar minti biyar ba.

Kuɗi kuwa ba tsada, kuɗinsu bat ake ce masa, shinkafa da miya kala biyu bat 60 zuwa 70 na riƙa biya, som tam 60, tom yum mai jatan lande 150. Mu biyu mu ci mu ƙoshi har da abin sha ba mu taɓa wuce bat 400 ba, a Nana kuwa kusan ninki biyu muke kashewa.

Kalmomin da suka taimake ni ko a wajen gidan nan, mu shi ne alade, gai kaza, nuea naman sa, pla kifi, goong jatan lande. Mai sai mu wato kar a sa alade, amma ni shawarata kar ka dogara da wannan a wurin da ba na Musulmi ba don kasko ɗaya ne man ɗaya ne. Mai phet ba yaji, phet nit noi yaji kaɗan. A tukwanen kudu dai wannan ba ya aiki tunda an riga an dafa, a som tam ne za ka ɗaga yatsa ɗaya ko biyu ka nuna adadin barkonon da kake so. Ni biyu ne iyakata, wani yaro ɗan makaranta da ke kusa da mu takwas ya ce a sa masa.

Ranar da za mu taho Hajiya ta kawo mana khao niao mamuang ba mu nema ba kuma ta ƙi karɓar kuɗinsa, shinkafar nan mai danƙo an jiƙa ta da madarar kwakwa mai ɗan gishiri, da mangwaro nam dok mai a gefe, ba zare ko ɗaya a jikinsa, lokacinsa ne ma don a Afrilu muka je. Ta ƙulla min sataw a leda amma Anti ta ce ke wannan zai cika mana jirgi da wari har Addis Ababa, dole na bar shi na ɗauko dakakken haɗin massaman ƙulli biyu, na riga na gwada ɗaya a gida da naman sa yaran suka sha romon tas. Wanda zai je ya je kafin ƙarfe 12 don tukwanen kudu da wuri suke ƙarewa, ranar Juma'a kuma sai an sauko masallaci suke buɗewa. Ni dai zuwa na gaba in Allah ya kai mu na ware kwana biyu zan hau jirgin ƙasa zuwa Chiang Mai, akwai layin masallacin Ban Haw inda jikokin Chin Haw ɗin suke sayar da khao soi, a can zan ci nasu.